Ƙaramin jirgin ruwa na alfarma zuwa tsofaffin biranen Girka da Turkiyya: ya ci kuɗinsa kuwa?

"Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara, kuma na daɗe ina burin ganin tsofaffin biranen Girka da Turkiyya da idona, ni da mai ɗakina. An nuna mini tafiya iri biyu ta jirgin ruwa daga Atina zuwa Istanbul, duka kwana goma. Ɗaya babban jirgi ne mai ɗaukar dubban mutane, ɗayan ƙarami ne da suke kira na alfarma, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Shin akwai abin da ƙaramin zai ba mu da ya kai wannan bambanci, ko suna kawai ake sayarwa? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ma shan giya, kuma fasfon Najeriya gare mu."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya sanya albarka a hutun, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da kake son sani shi ne ko ƙarin kuɗin nan zai sayo muku wani abu da za ku mora, ku da tarihi ya fito da ku daga gida, ba shagalin cikin jirgi ba. Sana'ata shirya wa mutane irin waɗannan tafiye-tafiye ce, na kuma hau manyan jiragen da ƙananan. Takardun tafiya biyun da aka nuna maka ba sa gabana, don haka ba zan yanke hukunci a kansu kai tsaye ba, amma zan ba ka ma'aunin da nake ɗora su a kai.

Wani lokacin ƙaramin jirgi yana cin kuɗinsa har da riba, wani lokacin kuma asara ce tsagwaronta. Abin da ke raba biyun yana cikin jadawalin tashoshi, wato shafin nan mai sunayen garuruwa da lokacin isa da na tashi, wanda mutane ba su cika tsayawa a kansa ba saboda hotunan ɗakuna da na abinci sun ɗauke musu hankali.

Abin da ƙanƙanta ke saya

A harkar nan idan an ce ƙaramin jirgi, ana nufin mai ɗaukar fasinja daga kimanin 50 zuwa ƙasa da 1,000. Jirage biyu na kamfanin SeaDream kowanne mutum 112 yake ɗauka. Wind Star na kamfanin Windstar yana ɗaukar 148. Na Seabourn da Silversea da ke yawo a Bahar Rum galibi tsakanin 400 da 700 ne, na Viking kuma 930. Ka kwatanta da Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, wanda idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja sama da 7,000, ban da ma'aikata.

Tsofaffin biranen bakin teku an gina tashoshinsu ne don jiragen katako masu tafiya da iska, don haka girman jirgi yana yanke masa inda zai iya shiga. Tirela ba ta shiga lungun kasuwa, sai ta tsaya a bakin titi a kwashe kayan a baro. Haka babban jirgi yake tsayawa a tashar kaya mai nisa, a jido mutane a bas. A Fenis ta Italiya, tun 1 ga Agustan 2021 gwamnati ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa ruwan tsakiyar birnin. A Sifaniya, ƙaramin jirgi yakan bi kogin Guadalquivir ya tsaya a cikin Ishbiliya kanta, babban kuwa sai ya tsaya a Kadiz a yi tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Akwai kuma mashigar ruwa ta Koranti a Girka, wadda aka buɗe a 1893: tsawonta kilomita shida da ɗoriya, faɗinta bai kai mita 25 ba, bangon dutse a miƙe dama da hagu. Ƙananan ne kaɗai ke ratsa ta. Zaftarewar ƙasa ta sa an rufe ta a 2021, kuma tun daga nan akan sake rufe ta don gyara, saboda haka ko an sa ta a talla kada ka ƙulla zuciyarka a kanta.

Abu na biyu shi ne lokaci. Sauke mutum 200 daga jirgi aikin mintoci ne, sauke 4,000 kuwa yana cinye safiya. Ƙananan jirage sun fi yawan kaiwa dare a tasha, wasu ma su kwana, sai ka ga gari bayan taron yini ya watse, masu shaguna sun fito da kujeru ƙofa, hayaniya ta lafa. A ganina wannan ne mafi tsadar abin da ake saya, ya fi zanen gado mai laushi da mai hidimar ɗaki nesa ba kusa ba.

Inda ƙaramin bai fi babban da komai ba

A nan nake so ka natsu, domin dillalai ba su cika faɗin wannan ba. A kan hanyar Atina zuwa Istanbul, shahararrun tashoshin duk suna karɓar manyan jirage. Tashar Firayos ta Atina, Rodos, Kushadasi, da Galataport ta Istanbul da aka buɗe a 2021, babba da ƙarami kusan wuri ɗaya suke tsayawa. A tsibirin Santorini kuwa kowa a cikin ruwa yake tsayawa, ba ya manna da gaɓa, kwale-kwalen mutanen gari ne ke jigila zuwa gindin dutse, daga nan sai ko dai ka bi layin motar igiya da ke hawa sama, ko ka taka matakala kusan 600. Fasinjan da ya biya kuɗin alfarma a layi ɗaya yake tsayawa da na babban jirgi, a rana ɗaya. Cunkoson ya kai gwamnatin Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgi da ya sauka a Santorini ko Mikonos a tsakiyar bazararsu, daga 2025.

To idan ka jera jadawalan biyu ka ga sunayen garuruwan iri ɗaya ne, Mikonos, Santorini, Rodos, Kushadasi, sa'o'in tsayuwar ma kusan ɗaya, ka sani ƙarin kuɗin na abinci ne da ɗaki da natsuwar cikin jirgi. Waɗannan ba abin rainawa ba ne, amma ba su ka ce ka fito nema ba.

Idan kuwa a jadawalin ƙaramin ka ga irin su Nafliyo, Monembasiya, Fatmos, Delos, Dikili ko Canakkale, to lissafi ya sauya. Daga Nafliyo ake zuwa Misenai, inda ƙofar zakuna take tsaye tun wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kuma Efidaurus mai dandalin wasan da ke ɗaukar mutum kusan 14,000, wanda mai magana a tsakiyarsa na saman kujeru ke jin sa ba tare da lasifika ba. Delos tsibiri ne da ba a yarda baƙo ya kwana a kansa ba, gari guda na kufai, gidaje da kasuwa da daɓen ƙananan duwatsu masu launi. Daga Dikili ake zuwa Fergamon, daga Canakkale kuma Taruwada, wato Troy, tafiyar kimanin kilomita 30. Manyan jirage ba su cika zuwa waɗannan wuraren ba, kuma mai son tarihi a nan yake cin ribar kuɗinsa.

Afisa

Bari in ɗan daɗe a kan Afisa, kufan tsohon birni a Turkiyya, domin ina zaton ita ce za ta fi zama a ranku, kuma tana nuna yadda sa'a ɗaya ke sauya yini guda. Daga Kushadasi tafiyar kimanin kilomita 20 ce. A zamanin Rumawa birnin yana bakin teku ne, amma kogi ya yi ta tara laka a tasharsa har ruwa ya ja baya da kilomitoci, ciniki ya mutu, mutane suka watse. Abin da ya kashe shi shi ne ya adana shi, don ba a gina sabon gari a kansa ba.

Ana shiga ta ƙofar sama a gangaro zuwa ta ƙasa, kuma ka tabbata haka za a bi da ku saboda gwiwar Hajiya. Titin marmara ne, ya sha tafin ƙafa shekaru aru-aru har ya yi santsi yana ƙyalli, don haka takalmi mai ƙasan roba wajibi ne, silifa da takalmin fata su tsaya a jirgi. A gefen hanya za ka ga bututun ruwa na yumɓu a kwance, da banɗakin jama'a mai kujerun marmara a jere, ga 'yar magudanar ruwa tana bi ta gaban ƙafa. Can ƙarshen gangaren sai ɗakin karatu na Selsus ya bayyana, ginin farkon ƙarni na biyu, bene mai ginshiƙai. Gaba kaɗan ga babban dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 25,000. Wanda ya iso da buɗe ƙofa yana iya tsayawa ya duba rubutun da ke jikin dutse a tsanake. Wanda ya iso ƙarfe goma sha ɗaya kuwa ƙeyar mutane zai yi ta kallo, ga rana ba inuwa. Rukunin mutum goma sha biyar da jagora mai ilimi ya bambanta da na mutum hamsin da ke bin mai ɗaga tuta. Wasu kamfanonin ƙananan jirage ma suna shirya shiga da dare bayan an rufe wa jama'a.

Akwai gidajen attajirai na kan tudu da aka yi wa rufi, masu zanen bango da ya rage da launinsa. Tikitinsu daban ne, sun kuma cancanci gani, amma matakalarsu da yawa. Kai ka shiga, Hajiya ta huta a gaban ɗakin karatun. Kusa da nan akwai kogon da ake dangantawa da Ashabul Kahfi, sai dai ka sani akwai wasu wuraren da su ma ake yi wa wannan da'awar, ciki har da wani kusa da Amman ta Jodan. A garin Selcuk na maƙwabtaka akwai masallacin Isa Bey da aka gina a 1375. Jagororin rukuni ba su cika kai mutane can ba sai an roƙa, amma kusan kullum suna da lokacin tsayawa a shagon darduma. Ka tambaya tun kafin ka biya ko akwai wannan tsayuwar, domin tana cin awa guda daga yinin da ka saya da tsada.

Gwiwar Hajiya da motsin ruwa

A jadawali, duba ko an sa alamar anga a gefen sunan gari. Ma'anarta jirgi ba zai manna da gaɓa ba, sai an shiga kwale-kwale. Idan ruwa na motsi, kwale-kwalen yana hawa yana sauka a jikin jirgi, ma'aikata biyu za su riƙe hannun mutum su ce ya taka a daidai lokacin da ya taso. Ga mai lafiyar ƙafa ba komai ba ne, ga mai ciwon gwiwa kuwa abin fargaba ne, musamman idan za a yi shi safe da yamma kwana biyar a jere. Wannan ita ce illar ƙananan tashoshin da na yaba a sama, don da yawansu na anga ne. Ka ƙirga su. Ka kuma tambaya ko jirgin yana da lifta, domin wasu masu tafiya da zanen iska ba su da ita sam.

A kan tudu, Akrofolis, dutsen nan mai tsofaffin gine-gine a Atina, tana da lifta ga masu lalura, sai dai a nemi izini tun da wuri. Fergamon tana da motar igiya. Tsohon garin Rodos daga tasha da ƙafa ake shiga, ba hawa sosai, amma daɓensa na tsakuwa ne. Monembasiya tana da kyau matuƙa, tana kuma da wuyar taku.

Ƙaramin jirgi ya fi jin igiyar ruwa. Ku zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi, kuma sau da yawa ya fi araha. Asibitin cikin jirgi na taimakon gaggawa ne kawai, kuɗinsa daban, don haka ku tafi da maganinku isasshe da inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga teku. Maganin jiri da yadda zai haɗu da magungunan Hajiya, wannan likitanta ne zai faɗa.

Wata ma yana da muhimmanci. Kada ka ce ai mu 'yan zafi ne. A gida mun san shiga inuwa da azahar, a kufai kuwa babu inuwar, dutse ne ke mayar da zafi fuska. A watan Yulin 2023 sai da hukuma ta riƙa rufe Akrofolis da tsakar rana. A Yuli da Agusta kuma iskar arewa da suke kira meltemi tana kaɗawa a tekun Girka, tana hana sauke kwale-kwale, kuma kyaftin yana da ikon tsallake tasha ba tare da an mayar maka da kuɗi ba. Ni ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni nake zaɓar wa mutane, ko tsakiyar Satumba zuwa Oktoba.

Kuɗi, giya da abinci

Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Kafin ka ce ninki uku, ka ɗora wa na babban jirgin abin da ba ya ciki: fita yawon kowace tasha, tukuicin ma'aikata da ake cira kullum, intanet, ruwan kwalba da lemo, da ɗaki mai baranda. Tazarar za ta ragu, ko da yake ba za ta rufe ba. A ɓangaren ƙananan ma ba duka ɗaya ba ne. Regent yana sa yawancin fita yawo a cikin farashi, Viking yana ba da fita ɗaya a kowace tasha, wasu kuwa kowace fita sai ka biya.

Ga abin da ya shafe ku kai tsaye: a Seabourn, Silversea da Regent, giya tana cikin farashin, kuma ba sa rage wa wanda ba ya sha. Kenan za ku biya wa wasu abin da ba ku taɓawa. Shi ya sa na fi karkata ga kamfanonin da ke sayar da farashi ba tare da giya ba, kamar yadda Windstar yakan yi, ko ƙananan jiragen Variety Cruises na Girka masu ɗaukar mutum hamsin ko sama kaɗan. Na biyun ba su kai alfarmar na farko ba, ɗakunansu ƙanana ne, amma suna shiga lungunan da kake so. A kowane jirgi kana iya sa a kwashe giyar da ke firjin ɗaki a cika shi da lemo kafin ku iso. Ka kuma san cewa bakin wurin wanka na saman jirgi shigar Turawa ake yi, gidajen tarihi kuma cike suke da gumaka marasa sutura. Gara Hajiya ta ji wannan daga bakinka tun a gida.

Naman halal sai an nema a rubuce wata biyu zuwa uku kafin tafiya, kuma ka karɓi amsa a rubuce. A nan ƙaramin jirgi yana da fifiko na gaske, domin shugaban masu girki zai zauna da ku a daren farko, ma'aikatan tebur kuma za su san ku da fuska. Kifi da kayan lambu suna da yawa, amma ku riƙa tambaya ko an zuba giya a miya, ko akwai kitsen alade a kayan zaƙi. Salla a ɗaki za ku yi. A tekun Girka alƙibla tana kudu maso gabas, ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya, amma talabijin ɗin ɗaki yakan nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta. Hukuncin ƙasaru da na salla a jirgi mai tafiya, ka zauna da malaminka kafin ku tashi.

Biza, wadda ita ce ke rusa tafiya

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. Jirgin da ya je Kushadasi ya dawo wani tsibirin Girka ya fita daga yankin ya sake shiga kenan, don haka bizar shiga sau da yawa kuke bukata. Na ga iyali da aka mayar daga teburin shiga jirgi saboda bizarsu ta shiga sau ɗaya ce, jakunkunansu a gabansu, kuma ba a mayar musu da ko sisi ba, domin yarjejeniyar ta ɗora nauyin takardu a wuyan fasinja. Tunda kuma a Istanbul za ku sauka, bizar Turkiyya ma dole ce. Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya.

Wannan wata shidan shi ne makaminka. Kamfanonin sukan nemi cikon kuɗi kwana 90 zuwa 120 kafin tashi, daga nan tarar fasawa ke hauhawa har ta cinye kuɗin duka, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta cika biyan wanda aka hana biza ba. Saboda haka ka ba da kafin alƙalami wanda ake iya mayarwa, ka karɓi takardar shaidar tafiya daga kamfanin, ka shigar da biza da zarar lokaci ya buɗe, sannan kada ka biya ciko sai biza tana cikin fasfo. Dokokin nan suna sauyawa, don haka abin da ofishin jakadanci da kamfanin jirgin suka rubuta maka a ranar shi ne abin dogaro, ya fi maganata. Ku isa Atina kwana biyu kafin jirgi ya tashi, don ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar.

Da ni ne a matsayinka, zan ɗauki ƙaramin jirgi idan aƙalla tashoshi uku a jadawalinsa babban ba ya zuwa, idan yana kaiwa dare a wasu, kuma idan ranakun kwale-kwale ba su wuce biyu ko uku ba. Idan bai cika waɗannan ba, zan ɗauki jirgi matsakaici mai araha, in ɗauki jagora na kanmu da mota a Afisa da Atina, ragowar kuɗin kuma in ƙara kwana huɗu a Istanbul. Yini ɗaya ba ya isar wannan birni: ga Aya Sofiya da aka kammala a matsayin coci a 537, ta zama masallaci a 1453, gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020, ga fadar Topkapi da ɗakin amanonin alfarma, wato kayan tarihi da ake dangantawa da Annabi (SAW), ga kuma kabarin da ake dangantawa da sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup. Daga can akwai jirgin sama kai tsaye zuwa Abuja da Legas. Idan ka samu dama ka aiko mini da jadawalan biyu mai ɗauke da lokutan isa da tashi, sai mu bi su tasha-tasha. A gaida Hajiya.